Inci Goma Sha Huɗu

Na ɗaga kan babur inci goma sha huɗu,
ya miƙe kamar ƙahon bajimi,
sai tiyon birki ya ce shi bai san zance ba.
Shekara ashirin yana kwance a tsawonsa,
yau na ja shi ya ɗame kamar tsarkiya,
saura taƙi guda ya kai, ya ƙi.

Doyle na leƙe ta kan shinge, kofi a hannu:
"Eloy, hammata za ka shanya a titin Española?"
Na ce bayana ne, maƙwabci, bayana.
Wanda ya shekara talatin a duƙe yana walda
ya isa ya zauna a miƙe.

Na ɗora gaba a kan jak, taya na reto,
na kwanto igiyar shanya daga bayan gida,
na auna tun daga 'yar tukunyar mai ta sama
har muƙamuƙin da ke cizon faifai,
na karya kai hagu har ƙurewa, na karya dama,
na ƙara yatsa biyu kada ya shaƙe a kwana.
Awo sau uku. Kuɗin fansho ba ya son kuskure.

Kwana tara kafin ya iso daga Albuquerque,
saƙar ƙarfe, a naɗe, da sanyin gidan waya,
da zobban tagulla huɗu a ƙullin leda.
Tsohon zobe ba a mayar da shi.
An matse shi sau ɗaya, ya ba da iyakarsa.

Man birki ba ya ga maciji da fenti.
Na lulluɓe tanki da tsohon bargo,
duk da haka ɗigo ɗaya ya sami kafa,
ya ci jan ya bar tabo kamar ƙwayar wake.
Na zage shi da Sifaniyanci, na ƙara masa da Turanci.

Da can hannuna kan kai sama da ƙasa lokaci guda.
Yanzu sama ta yi nisa.
Na kira Marisela.
Tun Ista ba mu yi maganar kirki ba,
tun ranar da ta ce in sayar da shi,
ta gaji da ganin irina a kan gadon turawa.
Ta zo da shuɗin kayan asibiti, ba ta ko zauna ba.

"Matsa." Ta matsa.
"Riƙe." Na kwance noti kwata,
kumfa na bin siririn tiyo ɗaya bayan ɗaya
zuwa cikin kwalbar zuma.
Na ɗaure. "Saki."
"Matsa."
Can ƙasan layi wani na gasa barkono,
ƙamshin ya shigo gareji ya same mu a haka,
ni a durƙushe, ita a tsaye, hannu a sama
kamar mai rantsuwa a kotu.
Sau arba'in, ko fiye. Ta ce, "Har yanzu laushi,
kamar ana matsa burodi."

Sai ta sunkuyo ta bi tiyon da farce,
tana ɗan ƙwanƙwasa shi tun daga ƙasa,
yadda take yi wa robar ƙarin ruwa.
Ta zare robar da ta ɗaure gashinta,
ta matse hannun birki, ta naɗe shi tamau.
"Bar shi ya kwana. Iska da kanta take hawa."
Ban tambaye ta inda ta koya ba.

Da asuba na kwance. Tauri kamar dutse.
Na duba kowane zobe da farar takarda, babu danshi.
Na tura shi waje, na gangara a hankali
har akwatin wasiƙun Doyle, na damƙe,
gaba ya duƙa, ya tsaya cak.
Na sake. Na kuma.

Robar tana nan a maƙale jikin madubi,
da silin gashi biyu, ɗaya ya soma fari.
Ban san yaushe ta fara furfura ba.